Daga Zango Zuwa Damagaram: Yadda Ake Shirya Ziyarar Kwana Uku

Daga Zango zuwa birnin Damagaram, wanda takardun hukuma ke kira Zinder, tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba. Wanda ya yi sammako, idan bakin iyaka bai riƙe shi ba, a can zai yi azahar. Agogo ɗaya ne, harshe ɗaya ne, yadda ake sallah a masallacin unguwarku haka ake yin ta a can. Da wuya ka sami zuri'a a Zango ko Yardaje ko Baure wadda ba ta da ɗan'uwa a Magarya ko Matamaye ko cikin Damagaram kanta.

Wannan zumunci ya girmi iyakar da ta raba mu. Lokacin da jihadi ya iso Daura a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya karɓi gari, Sarki Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ta yi ta ƙaura kafin ta kafu a Zango, wani reshe kuma a Baure, kuma a mafi yawan wancan ƙarni sarakunan nan a ƙarƙashin inuwar Damagaram suka zauna. Sai da Ingila da Faransa suka raba ƙasar, suka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, sannan Zango ta tabbata a wannan ɓangare. A wannan zamanin ne kuma Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa a Daura. Saboda haka Bazange da ya ce Damagaram gida ne bai yi ƙarya ba.

Sai dai wannan kusancin shi ne yake sa mutanenmu sakaci. Wanda zai je Makka yakan yi wata yana shiri. Wanda zai je Damagaram sai ya ɗora hula ya ce wa iyali yanzu zai dawo. Can sai ka ji an sauke shi a shingen jandarma saboda ba shi da takarda, ko an cuce shi wajen canji, ko ya isa ranar da kasuwa ba ta ci, ya yi kwana biyu bai ga komai ba sai tasha da ɗakin mai masauki. Damagaram gidan 'yan'uwa ne, amma tana cikin wata ƙasa mai dokarta da kuɗinta da jami'anta. Kuma ba ƙaramin gari ba ne: ita ce babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin Faransawa su mayar da mazaunin mulki Yamai. Abin da nake son mai karatu ya ɗauka shi ne ya yi shiri irin na mai fita waje, idan ya isa kuma ya zauna irin zaman ɗan gida.

Takardu tukuna

Kafin ka tambayi kuɗin mota, ka duba takardunka. Shekaru da yawa mun saba da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90. Abubuwa sun motsa tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. An rufe iyaka a watan Agusta na 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairu, 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, bayan sun kafa tasu ƙungiyar ta AES. Ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma rashin biza ba rashin takarda ba ne. Tun farkon 2025 jami'an Nijar sun tsananta bincike a kan baƙi, kuma an mayar da matafiya daga bakin iyaka saboda abin da suka riƙe bai gamsar ba.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne fasfo, koren nan na ƙasa da ƙasa, wanda wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba. Ana neman sa a ofishin hukumar shige da fice a Katsina, kuma sai da lambar NIN. Amma katin NIN ɗin kansa, ko katin zaɓe, ko lasisin tuƙi, shaida ce ta cikin gida. Kada ka dogara da su a wata ƙasa. Ka ɗauki hoton shafin farko na fasfon a wayarka, ka kuma yi kwafi biyu a takarda, ɗaya a jaka, ɗaya a gida wajen iyali.

Takarda ta biyu ita ce katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Nijar na cikin ƙasashen da ke neman sa daga mai shigowa. Allurar sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na aiki har ƙarshen rayuwa. Sharaɗinsa guda ne, kuma shi ne mutane ke mantawa: ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Akwai masu sayen katin ba tare da allura ba. Wannan zunubi ne a kan kai, domin shawara cuta ce mai kisa, kuma takarda ba ta hana sauro cizo.

Mai tafiya da yara ya ƙara shiri. Hanyar Daura zuwa Damagaram ita ce ke zarcewa Agadas, daga can zuwa Libiya da Aljeriya, kuma masu safarar mutane sun daɗe suna bin ta. Mutanen ƙasar Kance, da ke kan wannan hanya, ba su manta da Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara daga yankinsu. Don haka idan jami'i ya tsare mace mai yara uku yana tambayar ina za ta, ba wulaƙanci ba ne, aikinsa yake yi. Hajiya mai zuwa biki ko suna ta riƙe takardar haihuwar kowane yaro, da wasiƙar amincewar mahaifinsu, da sunan wanda za ta sauka wajensa da unguwarsa da lambar wayarsa. Saurayi mai tafiya shi kaɗai ma ya san za a yi masa tambayoyi fiye da dattijo, ya tanadi amsa ta gaskiya mai gajarta.

Na san abin da wani zai ce: ga ɓarauniyar hanya, ɗan acaɓa zai ratsa da kai ta gonaki cikin ɗan lokaci, ba mai tambayar ka komai. Wanda zai je gaisuwar mutuwa ƙauyen da ake hangowa daga gonarsa, wannan maganarsa daban ce, kuma jami'an ɓangarorin biyu sun san irin wannan zama. Amma Damagaram tana can ciki, akwai shingaye da dama kafin a kai ta. Wanda ya shiga ba hatimin shiga a fasfonsa, duk shingen da ya tarar yana da laifi a wuyansa, kuma idan wani abu ya same shi a can ba shi da bakin kai ƙara. Ka shiga ta ƙofa, a buga maka hatimin fita a ɓangarenmu, a buga na shiga a nasu, ka buɗe fasfon ka gani da idonka kafin ka bar tebur.

Dokar iyaka takan sauya cikin dare ɗaya. Kwana biyu kafin tashi ka kira mai masaukinka, ka kuma leƙa tashar Daura ka tambayi direbobin da suka dawo jiya. Su ne ke da labarin da ya fi na rediyo sabunta.

Sefa da lissafin dala

A garuruwan bakin iyaka naira na tafiya, amma da ka wuce Matamaye sai sefa. Takardun kuɗin su ne 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000, sai kuma tsaba. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 kowane yuro, shi ya sa ba ta rawa. Naira ce ke hawa da sauka, don haka farashin da wani ya canja a watan jiya ba hujja ba ne yau. Ka tambayi 'yan canji biyu ko uku kafin ka miƙa kuɗinka, ka ƙirga a gabansa, ka ɗaga manyan takardun ka duba. Ka roƙe shi ya haɗa maka da ƙanana. Takardar 10,000 tana da daɗin ɗauka, amma mai shayi da ɗan kabu-kabu ba su da canjinta, kuma rigimar canji na iya cinye maka rabin safiya.

Inda Bazange ya fi shiga ruɗani shi ne ƙirga. A kasuwannin Nijar da dala ake ciniki, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Idan mai kaya ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala hamsin 250 ce, dala ɗari 500. Idan aka kai 1,000 sai a ce jika. Jika biyar 5,000, jika goma 10,000. Sau da yawa ma ba a ambaton dalar, sai a ce maka "ɗari" kawai, kai kuwa ka miƙa tsabar 100, ita tana jiran takardar 500. Dokar mai sauƙi ce: duk adadin da aka faɗa maka da Hausa ƙasa da jika, ka ninka shi sau biyar. Wanda aka rubuta a takarda ko aka faɗa da Faransanci, shi ne ainihin sefa. Ka zauna ka maimaita wannan lissafi tun a gida har ya zauna maka, domin a tsakiyar kasuwa ba a koyon ƙirga.

Kada ka dogara da katin bankinka na naira. Ka riƙe tsabar kuɗin da za su ishe ka, ka raba su gida biyu, ka ware kuɗin motar komawa a wurin da ba za ka taɓa ba. Idan kuɗi suka yanke, a Nijar akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, masu rassa a kusan kowace unguwa. Mai masaukinka ya san yadda za a yi.

Waya kuma, layinka na Nijeriya zai bi ka ɗan nisa bayan iyaka sannan ya ɗauke. Lambar ƙasar ita ce +227, kuma akwai Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms. Sayen layi sai da shaida, wani amfanin fasfo ke nan. Don kwana uku, layi ɗaya mai ɗan data ya isa a yi WhatsApp da gida. Soket ɗinsu mai hanci biyu zagayayye ne irin na Faransa, ba mai uku irin namu ba, sai ka sayi ɗan mahaɗi tun a Daura, ka kuma ɗauki abin ajiye caji, domin wuta takan ɗauke.

Wace rana, wace hanya

Ziyarar kwana uku ba ta ɗaukar komai da komai, dole a zaɓa. Babbar kasuwar Damagaram ranar Alhamis take cika, ƙofar fada kuma ranar Juma'a. Wanda ya tashi Laraba da safe ya dawo Asabar ya sami biyun. Wanda ya tashi Asabar ya dawo Litinin bai sami ko ɗaya ba, ga ofisoshi a rufe, ga shi ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa na ci, hanyar iyaka ta cika da motocin dabbobi.

Game da lokacin shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Akwai ƙura da sanyin asuba, a ɗauki rigar sanyi da man shafawa, amma ana iya yawo da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40 a ma'auni, kuma lokacin ne tsohuwar matsalar garin ta ƙarancin ruwa ke tsananta. Baƙon da ya zo a bazara nauyi ne a kan randar mai gida, ko da ba a faɗa masa ba. Rani kuma lokacin sanƙarau ne. Jihar Damagaram ta yi fama da ɓarkewarsa a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, har da yankunan Magarya da Matamaye da ke maƙwabtaka da mu. A guji kwana a cunkushe a ɗakin da ba iska. Da damina gari na da kyau, amma sai da gidan sauro.

Hanya biyu ce a gaban mutumin Zango. Ta farko ita ce a yi yamma zuwa Daura, a yi arewa ta Mai'aduwa zuwa Kwangwalam, a tsallaka Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Kance, sai Takeita inda ake haɗuwa da babban titin da ya taso daga Yamai ta Maraɗi. Daga Takeita a yi gabas kimanin kilomita 50 a shiga gari. Ta biyu ita ce a yi gabas ta Baure zuwa Babban Mutum, a tsallaka Tinkim, a shiga Magarya, a miƙe arewa ta Bande. Mai dangi a Magarya zai so ta biyu don ya sada zumunci a kan hanya. Wanda wannan ne zuwansa na farko, ina ba shi shawarar ta Kwangwalam, domin ta fi yawan motoci, kuma idan mota ɗaya ta lalace wata na tafe. Galibi ana canja mota a bakin iyaka, kuma mota ba ta tashi sai ta cika, don haka wanda ya isa da hantsi ya fi wanda ya isa da la'asar samun abokan tafiya. Kada ka yarda dare ya same ka a iyaka, ko a tafiya ko a dawowa.

Motarka kuwa, ka bar ta a gida. Shiga da ita na bukatar takardar izini ta ɗan lokaci daga duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da inshorar da ke aiki a can, da takardun mota masu sunanka ko wasiƙar mai ita. Don kwana uku wahalar ta fi amfanin. A cikin gari kabu-kabu da adaidaita sun wadatar.

A shingayen hanya za ka ga kaki iri-iri: 'yan sanda, jandarma, duwan, da sojoji. Sau da yawa ana karɓar takardun fasinjoji gaba ɗaya, a sauka, a riƙa kiran suna. Ka yi sallama, ka gaida mutum da Hausa, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Idan an ce ka biya wani abu, ka tambaya cikin ladabi na mene ne, ka nemi rasit. Ka mayar da wayarka aljihu. Ɗaukar hoton shinge, ko barikin soja, ko ginin hukuma, abu ne da kan jefa baƙo cikin matsalar da fasfo ba ya fitar da shi.

Tsakanin Takeita da Damagaram za ku ratsa Tirmini. Ka ɗaga kai ka duba. A nan ne a ƙarshen Yuli na 1899 rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa, waɗanda suka zo ɗaukar fansar Kyaftin Kazamaju da aka kashe a Damagaram a watan Mayu na 1898. Bindiga mai ruwa ta rinjayi doki da mashi, Faransawa suka shiga birni, bayan 'yan makonni aka kashe sarkin. Amadu Kuran Daga shi ne wanda ya kai yaƙi har ƙasar Kano, sunansa bai ɓace a bakin tsofaffinmu ba.

A cikin gari

Damagaram gari uku ne a haɗe. Akwai Birni, inda fada take. Akwai unguwar Zango a arewa da shi, tsohuwar masaukar ayarin Buzaye da fataken Larabawa masu zuwa daga Tarabulus. Sai sabon gari a tsakaninsu, inda ofisoshi da bankuna da otal-otal suke. Ko'ina ka duba manyan duwatsu ne a jibge, wasu gidaje a jikinsu aka gina su.

Yammacin Laraba na mai masauki ne. Ka sanar da shi zuwanka tun mako guda, kada ka faɗo masa. Ka riƙo tsaraba daidai ƙarfinka: goro, turare, sabulu, turmin atamfa ga uwargida. Ka gaida dattawan gida ɗaya bayan ɗaya, "Baba ina wuni," "Inna mun same ku lafiya," ka zauna a ci abinci tare kafin ka fara tambayar hanyar kasuwa. Idan ku da yawa ne, ko ka ga gidan a matse yake, ka kama ɗaki a otal ka riƙa zuwa gaisuwa. Ba yanke zumunci ba ne, sauƙaƙawa ce. A otal za a rubuta bayanan fasfonka. Ka yi tattalin ruwa fiye da yadda ka saba, ka sha wanda ka tabbatar da tsabtarsa.

Alhamis ka ba kasuwa. Ka je Kasuwar Dole da safe kafin rana ta take, tare da ɗan gari idan da hali. Abin da Damagaram ta yi suna a kai tun zamanin ayari shi ne aikin fata: jakunkuna, takalma, matasai, kube, linzami da kayan doki. Ka duba ɗinki, ka shinshina fatar, domin wadda ba ta jemu sosai ba takan yi wari idan damina ta zo. Akwai dabino da gishiri da kanwa da ke saukowa daga Bilma da sauran garuruwan Kawar, akwai cuku na makiyaya, akwai kilishi. Ana taya kaya kamar yadda ake yi a gida, sai dai ka tuna da ninki biyar kafin ka ce "na saya". Da yamma ka zaga unguwar Zango a ƙafa, ka ga gidajen tsofaffin attajirai masu zane a fuska da zankaye a kai. A nan Malam Yaro, babban ɗan kasuwar garin a ƙarshen ƙarni na 19, ya zauna.

Juma'a ta Birni ce, kuma ita ce zuciyar tafiyar. Gidan sarautar asalinsa daga Barno yake, kuma Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa can kafin ta yi ƙarfi. Wanda ya ɗaukaka ta shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884 bayan mulki na fiye da shekara talatin. Shi ya kewaye birnin da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a cikin gari, ya mayar da Damagaram mahaɗar cinikin Kano da Barno da Agadas. Ragowar ganuwar na nan a wasu wurare. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya tashi zuwa Katsina a farkon 1853.

Fada gidan sarki ne mai rai, ba gidan kallo ba. Ka sa manyan kaya da hula. Ka fara da dogaran da ke ƙofa, ka gaishe su, ka ce daga Zangon Daura kake, ka zo ziyara, kana neman izinin gani. Su za su ce maka inda za ka tsaya da inda za ka tuɓe takalmi, kuma su za ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Idan Allah ya sa ka sami shiga gaisuwa, ka durƙusa ka ce "Allah ya ja zamanin sarki," ka bar fadawa su amsa, kada ka tsawaita. Ɗan alheri ga wanda ya zaga da kai al'ada ce, ka tanade shi tun a gida. Ka je masallaci da wuri, domin sahu kan fito har fili.

Akwai abin da ba za ka gani ba, kuma rashinsa na da ciwo. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba na 2024 sakamakon mamakon ruwan sama. Fiye da shekara 170 yana tsaye. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da gyaran indararo kowace shekara, ranar da aka daina kuwa ya fara mutuwa. Duk Bazange ko Badauri da ya tsaya a wurin ya kamata ya tuna da tsofaffin soraye da zaurukan da ke garinsu, waɗanda ake bari suna zubewa ana maye su da bulo. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mutum kada ya yi ta ɗaga ziyarar Birni zuwa baɗi.

A kan duwatsun da ke kallon Birni akwai tsohuwar ganuwar soja da Faransawa suka gina. Wurin soja ne har yau, a kalle shi daga nesa. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, tana can arewa a hanyar Tanut, ba wurin baƙo ba ce. Wanda ke da kwana na huɗu ya fi masa ya je Mirya, kimanin kilomita 20 gabas, garin lambuna da manyan itatuwa, wadda kasuwarta ke ci ranar Lahadi.

Da dare za a kira ka shan shayi a fada, wato majalisar samari ta bakin titi. Ka zauna, a nan ake sanin gari. Za ka ji kalmomin da Faransanci ya shigar musu, kamar lakwal a maimakon makaranta. Idan ba ka gane ba ka tambaya, su ma suna jin naka Turancin a bakinka. Hira za ta kai ga siyasa, domin tun 2023 dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami. Ka saurara fiye da yadda za ka yi magana. Kai baƙo ne, ba wakilin Abuja ba, kuma ba ka san wanda ke zaune a gefe ba. Ka tambayi mai masaukinka unguwannin da ba a shiga da dare, ka bi abin da ya ce.

Dawowa

Ranar Asabar ka yi sallama da wuri, ka kasance a tasha da hantsi. Wajen kaya a yi hattara, domin ƙasashen biyu kowace na da abin da ta hana. Nijeriya ta hana shigo da shinkafar waje ta iyakokin ƙasa, haka ma motoci tun farkon 2017. Nijar kuma a watan Oktoba na 2024 ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Don haka ko ɗan'uwa ya yi maka kyautar buhun gero, ka gode masa ka bar shi a can. Tsarabar takalma da dabino da kilishi daidai ta iyali ba ta da matsala; idan ta yi yawan da za a ce ta sayarwa ce, ta zama kayan kwastan. Maganin da kake sha ya kasance a kwalinsa tare da takardar likita. Kuma duk yadda mutum ya yi maka magiya a tasha, kada ka karɓi ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba don ka kai wa wani a Daura.

Ragowar sefarka ka canjar a bakin iyaka, ko ka adana ta don wata tafiyar, tunda ba ta faɗuwa kamar naira. Ka tabbatar an buga maka hatimin fita a Ɗan Barto da na shiga a Kwangwalam, domin fasfon da ya nuna ka shiga Nijar bai nuna ka fito ba zai ba ka wahala a zuwa na gaba. Da ka iso gida ka kira mai masaukinka ka ce ka sauka lafiya.

Ɗan'uwa, idan Larabar da ka sa wa rai saura ƙasa da kwana goma, kuma ba ka yi allurar shawara ba, ka je ka yi ta yau, ka ɗaga tafiyar zuwa Larabar da kwanakin za su cika.